Sojan Haya Ba Shi Da Mai Kai Saƙo

Kalgo, ranar Litinin.

Zuwa ga Na-Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Saratu da jaririyarku. Ka gaishe min da Baffanka da dukan mutanen gidanmu na Gwandu. Mu nan lafiya muke, ruwa ya ja baya a fadama, an fara gyaran wuri don shinkafar rani. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a tafe.

Za ka yi mamakin takarda a zamanin waya. Dalilin ka san shi. Kai ne ɗan fari, tun daga yaye aka kai ka wurin kakarka Inna, ban taɓa zama na yi hira da kai yadda nake yi da ƙannenka ba. Ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, sai wannan da mata suka laƙaba maka. In ka kira ni a waya, ya aiki, ya iyali, to madalla, sai mu kashe kowa ya huta. Maganar da ke bakina ba za ta fita ta wannan hanya ba, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Baffanka ne ya gaya min, ba kai ba. Ya ce wani ya same ka ta waya, ya turo maka hotunan samari cikin kaki sun jingina da manyan motoci, ya ce kamfanin tsaro ne a ƙasar waje, aikin gadi da tuƙi kawai. Ya ce ranar Alhamis za ka hau mota zuwa Abuja ka miƙa fasfo. Ya kuma ce ka ce ai Baba ma ya yi, ya dawo da ƙafafunsa, har ya gina gida. Gaskiya ne na yi, gaskiya ne na dawo, gidan ma ga ni a cikinsa. Sai dai abin da ka sani game da tafiyar nan bai wuce bulo da kwano ba. Laifina ne, don sauran ban taɓa gaya muku ba.

Lokacin da na bar soja ina kofur, zama ya ishe ni. Mutumin da ya saba tashi da ƙaho, sai ga shi yana tashi da kukan akuya. Ana nan sai wani Manjo mai ritaya, wanda ya riƙe mu a bariki, ya aiko yana nemanmu a Birnin Kebbi. Na tafi tare da Garba na Malisa, abokina tun muna kurata. Ba ka san shi sosai ba, amma ya taɓa ɗora ka a wuya a filin idi. Manjo ya tarbe mu da shinkafa da kifi, ya tambayi iyalin kowa, ya tuna har sunan mahaifiyata. Sannan ya ce akwai aiki a wata ƙasa can tsakiyar Afirka, gadin wurin haƙar ma'adinai, abinci kyauta, albashi mai kauri.

A hanyar komawa Garba ya ce da ni, "Kofur, ni ban ji sunan masu kamfanin ga ba. Kuma wa za mu tsarewa, daga wa?"

Na ce, "Haba Garba, Manjo na hwa. Mutumin da yar riƙe mu, yac ciyar da mu yau, shi za mu titsiye da tambaya kamar mun kama ɓarawo?"

Haka nan ya biyo ni. Kuskurena na farko ke nan, kuma irin namu ne. Mu mutanen kara ne. Wanda ya girme mu, ya shimfiɗa mana tabarma, ba ma iya duban idonsa mu ce yi mana bayani. Amma ko akuya za ka saya a kasuwa sai ka buɗe bakinta ka ga haƙora, kuma mai akuyar ba ya fushi. Mu muka ba da kanmu ba mu buɗe bakin komai ba. Don haka ka tambayi mutumin nan naka, wa ke da kamfanin, wace ƙasa ce a bayansa, wa zai riƙe fasfonka, in ka ce ka fasa ta ina za ka dawo. In ya yi dariya ya ce kai yaro ka cika tsoro, to ka samu amsarka.

A filin jirgin can aka karɓe fasfo ɗinmu, wai don kada su ɓata. Aka ba mu kaki mai kyau, ya fi wanda na sa a soja. Sai da na saka na lura babu tuta a kafaɗa, babu suna a ƙirji, babu lamba. A soja ina da lamba, ina da kwamanda, shi ma yana da na samansa, har a kai ga shugaban ƙasa. In na yi laifi akwai inda za a gurfanar da ni, in an yi min akwai inda zan kai kuka, in na mutu akwai hafsan da zai sa hula ya zo ƙofar gidanmu. A can shugabanninmu Turawa ne masu wani yare da ba Ingilishi ba. Babbansu ba mu taɓa sanin sunansa ba, Dogo muke ce masa. Muna nan aka zo da fenti aka shafe sunan kamfanin a jikin motoci aka rubuta wani, mutanen dai su ne, bindigogin ma su ne.

Ni ba ɗan boko ba ne, amma mai gadi yana da lokacin tunani. Ga abin da na fahimta a tsaye a bakin ramin zinariya. Shugaban ƙasar da muka je ba ya amincewa da sojojinsa, yana tsoron su kwana da shi a kujera su tashi babu shi. Wata babbar ƙasa kuma tana son zinariyarsa, tana son ya juya wa abokiyar hamayyarta baya, tana son ya ɗaga mata hannu in an je taron duniya. In ta aiko da sojojinta na gaskiya, dole ta yi wa mutanenta bayani ranar da akwatunan gawa suka fara sauka, dole ta yi wa duniya bayani ranar da aka ƙone gari. Sai ta aiko da kamfani. In an ci riba tata ce, in an yi ɓarna ta ce ba ta da soja ko ɗaya a wurin, 'yan kasuwa ne suka je neman abincinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ba ka taɓa jin irin kamfanonin nan sun je ƙasar da ke zaune lafiya ba. Kuma ka san mai gyaran injin ban-ruwan nan na bakin kasuwarmu, wanda in ya gyara maka sai ka dawo bayan mako. To wanda ake biya don ana yaƙi ba ya gaggawar ganin yaƙi ya ƙare.

Mu ma gadi kawai aka ce mana. Wata safiya Dogo ya ce akwai 'yan tawaye a wani ƙauye a bakin rafi, za a je a tashe su. Ni aka ba motar da ke ɗauke da jarkokin fetur. Da muka isa, abin da na gani mata ne da ƙwarya suna wanke yashi suna neman ƙwayar zinariya, sana'ar da suka gada. Na ga wata rumfar ciyawa da butoci jere a ƙofarta, na san masallaci ne. Kamfani yana son wurin, shi ke nan laifinsu. Aka ba su lokaci kaɗan su kwashe abin da za su iya, aka sauke jarkokin daga motata. Ban harbi kowa ba, ban ƙyasta ashana ba. Na zauna a bayan sitiyari ina gaya wa kaina ni direba ne.

Shekaru na yi ina riƙe da wannan magana, ni direba ne. Ba ta taɓa sa ni barci mai daɗi ba. Fetur ɗin bai zo da ƙafarsa ba, ni na kawo shi. Ka sani, duk wanda ya sa kakin nan ba shi da ikon zaɓar rabin aikin da ya yi masa. Ranar da za a ce ka yi abin da zuciyarka ta ƙi, kana tsakiyar dajin da ba ka san sunansa ba, fasfonka yana aljihun wanda ya ba da umarnin. Lokacin cewa a'a yanzu ne, kana Gwandu, kana iya komawa gida ka ci tuwo.

Mazan ƙauyen nan da aka kira 'yan tawaye alhali ba su ba ne, daga baya suka zama su. Suka samo bindigogi, na ji an ce wata babbar ƙasar ce daban ta ba su, ita ma ta hannun wasu 'yan haya. Suka tare mu a hanya da hantsi. Harsashi ya sami Garba a ciki. Na ja shi ƙarƙashin mota, na danne wurin da rigata, amma tsohon soja ya san irin raunin da ba a tashi. Kafin la'asar ya cika. Abin da ya ce min na ƙarshe shi ne, "Ka hwaɗa ma tsohuwa da bakinka, kak ka bari ta ji ga wani." Na ce na ɗauka.

An kashe Turawa biyu a ranar, jirgi ya zo ya ɗauke su. Namu ba a yi maganarsa ba. Ni da wasu Musulmi biyu muka yi masa wanka da ruwan jarka, muka naɗe shi da zanen gado, muka sallace shi, muka binne shi a gindin wata bishiya da ban san irinta ba. Na tambayi Dogo wa zai sanar da gida. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba aikinsa ba ne.

Ba a yi wata nawa ba manya suka zauna a wani otal a wata ƙasa suka sasanta. Shugaban mutanen da suka tare mu ya zama minista. Aka ce mu ne za mu raka ayarinsa zuwa babban birni. Yaransa suka hau motata, ɗaya ya miƙo min sigari yana murmushi, wataƙila shi ne ya harbi Garba, wataƙila ba shi ba. Ban ji haushinsa ba sosai, shi aƙalla ya san abin da ya fitar da shi daga gida. Sojan haya ba shi yake zaɓar abokin gabarsa ba, a wani ɗaki ake zaɓa masa, ɗakin da ko gadinsa ba za a ba shi ba. Da wa'adina ya cika na karɓi fasfona na dawo.

Yanzu ga wanda ya fi nauyi, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Kwana biyu da dawowata na tafi Malisa da jakar Garba. Ka san yadda ake yi. Ba a buɗe baki da mutuwa a ƙofar gida, ba a kuma fara gaya wa mata. Sai ka sami namijin gidan ka ja shi gefe, shi zai san yadda zai shiga da maganar, a fara cewa jiki ya yi tsanani, sannan a ce sai haƙuri. Niyyata ke nan. Na iske yayansa Shehu ya tafi cin kasuwa. Ina tsaye a zaure sai tsohuwarsu, Gwaggo Hajo, ta fito da kanta, ta gane muryata.

Ta ce, "Maraba da mutanen nesa. Ƙaƙa kab baro Garba?"

Na ce, "Lahiya lau, Gwaggo."

Gaisuwa ce. Ko a gadon asibiti aka tambaye ka, abin da za ka ce ke nan. Amma ita ba gaisuwa ta yi ba, tambaya ta yi.

Ta ce, "Madalla, Alhamdu lillahi. Shi yaushe za shi zo?"

Na ce, "Sai aiki ya sake shi."

Ta koma ciki da sauri irin na tsofaffi. Kafin in gyara zama an kawo min fura da nono mai yawa, matarsa A'i ce ta dama. Ta tsaya a bayan zana tana tambaya ko ciwon cikin nan nasa yana tashi a can. Maƙwabta suka fara shigowa ana barka da arziki, an ji labarin Garba. Gwaggo ta ga jakar ta ce wannan fa? Na buɗe na ciro rediyonsa na ce tsaraba ce ya aiko mata. Lokacin da Shehu ya dawo, unguwa duka ta san Garba yana nan lafiya, ni kuma na sha furar gidan. Na dubi Shehu, na dubi tsohuwa tana murɗa rediyo tana dariya, na ce a raina gobe. Na hau mota na dawo Kalgo.

Goben nan ba ta zo ba. Kowace rana da ta wuce sai maganar ta ƙara nauyi, don yanzu ba mutuwa kaɗai zan faɗa ba, har da ƙaryata. Na daina bin hanyar Malisa. In Shehu ya kira ni sai in ce inda Garba yake ba sabis, haka aikin yake. Da shiru ya yi yawa ya je wurin Manjo, Manjo ya ce shi haɗawa kawai ya yi. Ya je Abuja inda muka miƙa takardunmu, ya tarar ana sayar da labule a wurin. Ya je ofishin jakadancin ƙasar Turawan, suka ce ba su da soja a can kuma ba su taɓa yi ba. Ƙasar da muka yi wa aiki kuwa gwamnati ta sauya, sabuwar ta ce waɗancan 'yan ta'adda ne na waje, ba ta san da su ba.

A'i ta zauna, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Damina bayan damina ana nome gonar Garba ana ware masa rabonsa a rumbu. Danginta suka kai magana gaban alƙali don a sake ta ta yi aure. Alƙali ya ce sai an bi abin da shari'a ta tanada game da wanda ya ɓata, tunda mutum na ƙarshe da ya gan shi ya shaida yana raye. Mutumin nan ni ne. Ina nan Kalgo ina ɗora bulo.

Sai da Gwaggo Hajo ta rasu na je ta'aziyya. Aka ce har kwananta na ƙarshe rediyon yana kusa da matashinta. Bayan an shafa fatiha na ja Shehu bayan gida na gaya masa komai, abin da ya kamata in yi tun ranar farko, bai ɗauke ni lokacin shan kofin shayi ba. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Allah Shi jiƙan shi. Tashi ka hwaɗa ma matatai da kanka, ni ba ni iyawa."

Na tsaya a bakin ƙofarta, labule a tsakaninmu, na faɗa. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Kofur, shekarun ga dut addu'ar matahiyi nika yi mai. Allah kai shi lahiya, Allah maido shi lahiya. Ko sau guda ban ce Allah jiƙan shi ba. Jiran da nay yi na yahe maka. Wagga ko, sai kun gamu da shi."

A ranar ta shiga takaba, da furfura a kanta. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma har yau ina jin ta.

Ba don ka raina ni na gaya maka ba, ko da yake in ka raina ni ban ga laifinka ba. So nake ka ga yadda abin yake ƙarewa. Soja yana da hukumar da za ta kai saƙonsa gida. Sojan haya ba shi da kowa sai abokin da ke kusa da shi ranar da ya faɗi. Garba ya samu abokin da ke ƙaunarsa, wanda ya yi masa alkawari yana riƙe da kansa, ka ga kuma abin da abokin ya yi. Kai ba ka ma san da wa za a haɗa ka ba. Na ji a rediyo yanzu har ƙasashen sanyi ake kwasar samarinmu da sunan gadi, a wayi gari suna cikin rami a bakin daga. Ka dubi Saratu da kyau kafin Alhamis, ka gaya min wa zai zo Gwandu ya tsaya a zaure ya faɗa mata gaskiya.

Na san zama ba aiki yana cin rai, ni ma shi ya kore ni. Ba ni da abin da zan ba ka da ya kai abin da mutumin nan ya faɗa, ko da yake ina zaton ganin kitse kake wa rogo. Abin da nake da shi fili ne a fadama da injin ban-ruwa, ƙarfina kuma ya fara gazawa. Aikin akwai wahala, akwai caɓi, akwai sauro. Amma sauro in ya cije ka yau ba za a sasanta da shi a otal gobe a ce ka raka shi birni ba. Ka zo mu yi ranin nan tare, in bai yi maka ba ka nemi wani abin, zan taya ka nema.

In kuwa ka ƙudurta sai ka tafi, kai magidanci ne, ba zan ɗaure ka ba, ba kuma zan yi maka baki ba. Sharaɗina ɗaya. Kada ka wuce Abuja kai tsaye, ka biyo ta Kalgo, in raka ka Malisa. A'i tana nan da ranta. Ka zauna a ƙofarta ka gaya mata inda za ka, ka ji abin da za ta ce, sannan ka hau motarka.

Kunya ta hana ni tambayar Manjo, ta hana ni gaya wa Gwaggo gaskiya, ta kuma hana ni zama da kai tun kana ƙarami, har ka girma kana zaton tafiyar nan abin koyi ce. Sau uku na bi ta na ga inda ta kai ni, wannan karon ba zan bi ta ba. Mutanen gida su ce tsoho ya zubar da girma, na yarda.

Muhammadu Lawali, ɗana, ina ƙaunarka. Kada ka tafi.

Allah Ya yi maka albarka, Ya raya abin da ka haifa, Ya ba ka abincinka a inda za a san sunanka. Allah Ya tsare ka daga hanyar da ba a dawowa, Ya sa kai ne za ka tsaya a kan kabarina. Allah Ya jiƙan Garba. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Umaru Kofur.